Rijiyar da Na Haƙa a Hoto

Ni mai fenti ne a da. Ina da 'yar rumfa a bakin kasuwar Illela, ina rubuta allunan shaguna da bayan motoci, kowane aiki kuma sai na zana ɗan tauraro a kusurwa, shaidar hannuna ke nan. Samuna kaɗan ne, amma ina barci har da minshari. Gwaggona da ta raine ni a wani ƙauye na yankin Tozai, addu'arta kullum ɗaya ce: Allah ya tsare ni daga cin haram.

Wani ɗan kwangila ne ya fara kawo mini aikin allon rijiyar burtsatse. Na rubuta tsaf, ya ce in raka shi mu kafa. Muka kafa a jikin wata tsohuwar rijiya, ya ɗauki hoto, muka tumɓuke allon muka mayar mota. Na ce, "Alhaji, mi ke nan kuma?" Ya yi dariya, ya ce ai hoto ake biya, ba ruwa ba. Da na tsaya nan da na tsira. Ina! Idona ya riga ya buɗe.

Kafin ka ce me, na zama ɗan kwangila da kaina. Kamfani uku na yi wa rajista, duk nawa, suna takara da junansu. Ina da mutum a ofishin gwamnati mai sa hannu cewa ya duba aiki. Dabarata kuwa, in ƙetara iyaka da allona in kafa a rijiyar wani ƙauyen Nijar, inda mai bincike ba zai taɓa leƙawa ba. Ina ganin na fi kowa wayo.

Sai ga kwangilar rijiyar ƙauyen Gwaggo, mutanen da ke shan ruwan tafki tare da shanu. Na ce wannan kam zan haƙa da gaske, amma bari in kai hoton tukuna. Na kai, aka biya, na sayi mota.

Ashe an fara baza bayanan kwangila a intanet, kowa ya gani a wayarsa: aikin, wurin, wanda aka ba, da hoton. Malamin firamaren ƙauyen ya ci karo da nawa, ya karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a cewa an gama rijiyarsu. Ardo, shugaban makiyayan wurin, ya karɓi wayar ya ƙura wa hoton ido.

"Wagga rijiya ta Nijar ce," in ji shi. "Shanuna sun sha ruwanta bara."

Wayar ta zagaya har cikin gidaje. Gwaggo ba ta karatu, amma ta san tauraron. Aka ce tana ganinsa ta miƙa musu wayarsu.

Da aka kai ƙara, masu bincike suka ga kamfanonina uku lambar waya ɗaya gare su. Aka ɗaure ni. Duk zamana a gidan yari Gwaggo ba ta zo ba, ba ta aiko ba, wannan kuma ya fi ɗaurin yi mini ciwo.

Ranar da aka sake ni, wajenta na nufa, na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ba ta zage ni ba. Ta yi mini abin da ake yi wa kowane baƙo, ta kawo ruwa a kwano. Ruwan tafki, jajur, da laka a ƙasa.

"Sha, ɗana," ta ce. "Na rijiyarka ne."

Na shanye ina hawaye.

Yanzu na tuba, na koma rumfata da fentina. Ku matasa, ku riƙa duba bayanan nan, ku taka ku je ku ga ko aikin yana wurin. Duk wanda ya ce muku hoto ake biya, ku guje shi tun ranar farko. Gwaggo ta yafe mini, amma har gobe a tafki take ɗiban ruwa.