Ranar da Iya Ta Dama Kunu da Awon Ƙafafunmu

Ranar ashirin ga watan azumi ce, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, a gidanmu na Kurfi. Hantsi ya fara ɗagawa, Gwaggo Saude ta yafa gyale, an aiko daga tasha cewa motar Dutsin-Ma ta kusa cika. Ta ce in ruga in ɗauko mata damin karan da muka jingine a bayan rumbu. Na je, babu kara babu dalilinsa. Na leƙa turken awaki, na duba ƙarƙashin turmi, na dawo tsakar gida ina haki. Kakarmu Iya tana zaune bisa tabarma tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Wanga kara da kuka ɗaɗɗaure da tsummoki? Ai da shi na hura wutar kunu jiya. Amma tsummokin na nan, na kwance maku su na adana." Sai ta ɗaga gefen tabarma ta zaro su, a ninke tsaf, tana jiran a gode mata. Kunun da muka sha da buɗa-baki muna ta santi, ashe da aikinmu na mako guda aka dafa shi.

Gwaggo Saude ƙanwar Babanmu ce. Mijinta ya rasu, ta gama takaba ta dawo gida da awakinta da akwatin ƙarfe ɗaya. Mace ce mai zafin nama, zama wuri ɗaya yana sa mata ciwon baya. Ta lura cewa duk shekara iyaye maza ne ke zuwa kasuwa sayen takalman Sallah, su kawo wanda ya matse ko wanda yaro zai yi iyo a ciki, a wuni ana kuka. Sai ta sayar da awakinta kaf, har da jar akuyar da take ji da ita, ta roƙi Baba ya ara mata zaure ta kasa takalman yara. Baba ya yarda da sharaɗi guda: da asubar Sallah yana son zaurensa a share, domin nan yake karɓar baƙi. Ita ma ta san takalmin da ya wuce Sallah babu mai waiwayarsa, kuma kafin wata shekara ƙafafu sun yi gaba. In kayan suka kwanta, awakinta sun tafi ke nan, ba ta da komai sai akwati.

Shi ya sa ta ce ba za ta sayi ko wari ɗaya da ka ba. Mu 'yan mata muna da izinin shiga kowane gida, don haka kullum in mun taso daga makaranta, na gama ɗebo ruwa da wanke-wanke, sai in ɗauki sillen karan dawa da reza in bi unguwa. Yaro ya taka ƙasa, in gwada kara daga dunduniya zuwa babban yatsa, in ƙara faɗin yatsa guda saboda girma, in yanke. Kowane gida da ƙyallen da nake ɗaure karansa da shi, daga ragowar yadin da tela ke zubarwa: gidan Malam Audu shuɗi, gidan mai unguwa mai ɗigo-ɗigo. Wannan damin ne Gwaggo za ta kai Dutsin-Ma ta zaɓo kaya da shi, kuma shi ne ya zama toka.

Gwaggo ta zauna daɓas a bakin rijiya. Tausayinta ya kama ni har na fara hawaye. Ƙanena Isuhu, wanda bai san ana cikin wani hali ba, ya shigo sanye da silifas ɗin wani yaron maƙwabta. Na daka masa tsawa ya mayar, ya ce ai ƙafarsu ɗaya. Gwaggo ta ɗago ta dube shi, ta dube ni. Ta tambaye ni ƙafar Bilki ta gidan Malam Audu, na ce ta fi tawa da kaɗan, don takalminta yana yi mini lako-lako in mun yi musaya a Islamiyya. Ta tambayi ƙafar wani yaron, Isuhu ya amsa. Ashe duk mun san ƙafafun juna, tun daga tarin takalma a ƙofar aji har zuwa wasan 'yar gala-gala. Ta miƙe ta kaɗe zaninta ta ce, "To ku ne karan. Kowa ya wanke ƙafa, mu tahi."

Haka aka jera mu kamar matakala, daga yayata Rabi har autanmu da ake goyo, aka cusa mu cikin mota tsakanin buhunan gero da wani rago mai tari. Ranar na fara ganin Dutsin-Ma. Kasuwa ta cika maƙil, mutanen Kuki da Karofi sun shigo da sabon wake bisa babura, ƙamshin ƙosai yana tsokanar azumina na rabin wuni. Mai takalman wani ɗan ƙabilar Ibo ne da ake kira Baban Ngozi, Hausa a bakinsa kamar a Katsina aka yanke masa cibiya. Da ya ji labari ya yi dariya har da dafa bango, ya shimfiɗa mana kwali ya ce, "Hajiya, yau kin zo mani da ma'auni mai cin abinci." Muka yi ta sa takalma muna cirewa, muna musu a kan wa ya fi wa ƙafa, Gwaggo tana ware su kashi-kashi. Na roba ne, masu maɗauri, ja da ruwan hoda da baƙi, kowanne da zanen tauraro a tafinsa.

Washegari zaure ya zama kanti. Muka share, muka yayyafa ruwa, muka ɗaura igiyoyi daga wannan azara zuwa waccan, muka rataye takalma suna lilo. Kowace igiya da sunan ɗayanmu, gwargwadon girman ƙafarsa: igiyar Rabi, igiyar Isuhu, tawa a tsakiya ina ta alfahari da ita. Sai dai labari ya riga ya zaga unguwa cewa awo ya ƙone, iyaye mata suka noƙe. Yara su cika ƙofa suna kallo, babu mai saye. Kwanaki suna tafiya, nakan kama Gwaggo tana kallon turken da babu awakinta.

Wata safiya ta ɗauko babban daro ta fara ciro takalma, amma wari ɗaya-ɗaya, duk na dama. Ta ce mu kai kowane gida, mu sa wa yaro, in ya yi masa daidai mu bar masa mu fito. "Kada ku ce a saya. Ku dai ce na hagu na nan zaure yana jira." Allah Sarki, iyayen unguwarmu! Yaron da aka ba takalmin Sallah ƙafa ɗaya ba ya barin kowa ya rintsa. Kafin la'asar sai ga yara suna ɗingishi, kowa yana jan rigar ubansa. Malam Audu ya shigo Bilki na biye da shi, yana dariya yana cewa, "Saude, wagga dabara taki ta hi ƙarhina, ba ni ɗan'uwanshi in huta." Daga nan zaure bai sake yin shiru ba. Har daga ƙauyuka aka riƙa zuwa, mutum ya zaro karan awon ɗansa daga aljihu, mu miƙa ƙafafu a gwada, wanda ya dace ya ruga igiyarsa. Iya kuwa ta kafa kujera a bakin ƙofa tana gaya wa duk mai shiga cewa albarkar wutarta ce.

Ranar jajibiri da yamma igiyoyi suka koma fayau. Da asuba muka kwance su, Baba ya shimfiɗa tabarminsa kamar ba a taɓa kasa komai a wurin ba. Bayan an tafi Idi na ɗauki tsintsiya zan share ƙofar gida, sai Gwaggo ta riƙe mini hannu. Ta nuna mini ƙasa. Rairayin lungunmu, daga bakin zaure har inda ido ya tsaya, taurari ne manya da ƙanana, duk sun fuskanci filin Idi. Ta daɗe tana kallo, idonta ya cika, bakinta yana murmushi, ta ce, "Bari dai tukuna, kada ki share." Bayan Sallah turke ya sake cika, har da wata jar akuya da Iya ta ce tata ce.

Yanzu in Sallah ta matso, lambar ƙafar 'ya'yana nake turawa ta waya, a kawo mini takalma cikin leda, ban san fuskar mai sayarwa ba. Gwaggo ta yi shekaru tana buɗe zaurenta duk ƙarshen azumi kafin Allah ya karɓi abarsa. Bara na je Kurfi da Sallah, na tsaya a ƙofar gida yara suna wucewa Idi cikin sababbin takalma, na sunkuyar da kai ba tare da na shirya ba. An zuba wa lungun siminti, ba ya riƙe sawun kowa.