Malam Armiya'u da Yatsun Kasuwar Moriki

Kullum da sassafe za ka same shi a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Kaura Namoda, yana wanke 'yan gilasansa ɗaya bayan ɗaya. Ranar kasuwar Moriki kuwa ya hau babur, ya je yana tsira wa mutane allura a yatsa, kyauta. Kyautar nan ce ta dame mu. Wasu suka ce sayar da jinin yake, wasu suka ce tsafi. Ni da nake ganin na karanta littattafai, ban musa ba.

Matata Hannatu ta haifi ɗan fari lafiya. Biyu na bayansa suka zo da shawara, suka koma, har aka fara ce mata mai wabi. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ta sake samun ciki, Malam Armiya'u ya nemi jinina da nata. Lokacin maganar zina na bakin kowa, sai zuciyata ta ce so yake ya gano ko cikin nawa ne. Kwana uku ina kallon Hannatu da wani ido.

Na koma na ce, "Mi kaka nema cikin jinina?"

"Zamna, ɗan'uwa. Ba laifin kowa nika nema ba."

Ya ce a fatar kowace jar ƙwayar jini akwai wani ɗan furotin, Rhesus. Ni ina da shi, ita ba ta da shi. Jaririn da ya gaje shi daga gare ni, jikin uwar yakan ɗauki jininsa abokin gaba. In an haihu, dole a musanya jinin jaririn da irin nata, wanda cikin mutum ashirin da ƙyar ake samun ɗaya.

Ran da aka haifi Muhsina idonta rawaya, bai tsaya neman kowa ba. Ya nufi Moriki, ya ɗauko Zubairu, wani makiyayi mai irin jinin Hannatu da ya taɓa tsira wa yatsa, muka wuce Gusau aka musanya jinin jaririyar. Ashe abin da yake nema a kasuwa ke nan.

Malam, kai ne mai neman jinin da ba a tashi buƙata ba tukuna. Har yau ina tambayar kaina: shirunka haƙuri ne, ko ka bar mu ne da zunubin zato? Yanzu ka yi ritaya, Muhsina na goyon ɗanta. Hannatu kam na roƙe ta, ta yafe mini tuni. Kai ne ban taɓa roƙa ba. Ka yafe mini, mun gode.

Ku kuma, in wani ya gaji babur ɗinsa, ku miƙa yatsa.