Kawu da Duna a Ƙofar Likitan Dabbobi

Mun tashi daga Gidimuni ana idar da sallar asuba, ni da kawuna da karensa Duna. Kawu makaho ne tun shekarar agana, amma bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Duna ke jan shi da igiya daga gida zuwa lambunsa na bakin tafki, ya yi ban-ruwan albasarsa da jigo, ya dawo da shi. Ranar da karen ya kwanta, Kawu ma ya zauna ke nan. To, Duna ya taka tarkon da aka ɗana wa dila, ƙafar ta kumbura har ta fara tsutsa. Mun sa toka, mun sa garin bagaruwa, abin sai gaba yake. Shi ya sa muka nufi Damagaram wurin likitan dabbobi.

Kamiyon gyaɗa muka samu. Da shofer, wato direba, ya ga kare, sai ya ce kuɗin mutum guda za mu biya masa, fasinjoji kuma kowa ya tattare rigarsa, wai kada najasa ta taɓa shi. Wani ɗan kasuwa Bakano ya ce a cusa shi a buhu. Kawu ya hau can bayan buhuna, ya rungume karen a cinya, ya lulluɓe masa kai da bakin rigarsa, yana shafa bayan kunnensa yana yi masa wani guntun kirari na mafarauta a hankali. Mota ta yi ta buga mu da ramuka, amma Duna ko motsi.

A Mirriya aka tsaya. Na sayi ƙosai da rake, mai ƙosan ta tsuga mini tsada don ta ga ƙurar mota a gemuna. Mutane sun yi cincirindo a gindin tsamiya ana gardamar ƙuri'a da mulkin kai, wannan ya ce Nasara zai tafi, wancan ya ce ina zai je. Kawu ya roƙi ruwa a sakaina ya ba karen, ya gutsura masa ƙosai a tafin hannu. Daga hannun Kawu kaɗai yake ci, tun yana ɗan kwikwiyo.

Hantsi ya dubi ludayi muka hango duwatsun birni. Gidan likitan dabbobi yana can wajen bariki, kuma muka yi rashin sa'a, ranar allurar shanu ce. Garke bisa garke, Fulani na ta ihu, ana kayar da maruƙa ana yanka musu kunne don shaida. Wurin duk warin jini da kashi da magani. Tun daga nesa Duna ya cusa jela tsakanin ƙafafu, ya manne da ƙafar Kawu.

A bakin ƙofa gardi, wato ɗan sandan Nasara, ya tare mu. Ya dubi Kawu da sandarsa, ya ce, "Tsoho, ba a bara a nan. Koma gindin bango."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba bara ya zo ba, shi ne mai karen."

Ya ce dabba ɗaya, mutum ɗaya, kuma mai ido. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa ke jayayya da mai jar hula da bulala? Kawu ya laluba ya sa mini igiyar a hannu. Ya ce, "Ɗana, kada ka bari a ja shi. Ka rufe masa ido."

Ban samu na rufe ba. Muna shiga wani ma'aikaci ya fizge igiyar, ya ja karen kiii a ƙasa bisa ƙafar mai ciwo, wani kuma ya zo da doguwar sanda mai zarge ya shaƙe masa wuya. Aka ɗaga shi aka maka bisa teburin ƙarfe. Duna ya yi fitsari, idanunsa suka juye, kumfa ta fito masa a baki. Ina ta cewa su dakata, babu mai ji na. Da aka taɓa ciwon, sai ya juya ya kafa wa ma'aikacin farkon haƙori a hannu. Nan take wuri ya ruɗe, ana cewa mahaukacin kare ne, wani har ya ruga ɗauko bindiga. Wallahi na ɗauka shi ke nan.

Likitan ne ya hana, wani baƙin mutum siriri mai gilashi, Hausarsa tsinta-tsinta. Ya tambaya ina mai karen. Na ce yana waje, an ce bara ya zo. Ya sa aka shigo da shi. Kawu ya shigo yana kirarin nan, ya laluba har ya sami kan Duna, ya jefa masa bakin riga. Kafin ka ce me, karen ya saki jiki, sai dai rawar da yake yi. Aka wanke ƙafar, aka cire tsutsa, aka ɗaure, bai ko ɗaga kai ba. Aikin bai kai shan fura ba.

Amma cizo ya riga ya faru. Likita ya ce doka ce, karen da ya ciji mutum sai an kulle shi an ga ko hauka za ta fito. In ya ƙi ci, ya ƙi sha, to alama ce, za a harbe shi. Na ce ai ba ya ci sai a hannun Kawu. Sai likitan ya ce zai bari a shigo da tsohon sau ɗaya kullum da hantsi, iyakar abin da zai iya ke nan.

Aka sa Duna a wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe a jikin bangon baya, ya dinga kuka. Kawu ya sa na zagaya da shi ta waje har saitin ɗakin, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya ci gaba da kirarinsa. Kukan ya tsaya. Na roƙe shi mu je unguwar Zango mu sauka gidan wani ɗan garinmu, ya ce da dare kaɗai, da rana nan zai wuni. Na shirya da ɗan garin namu ya riƙa kawo shi yana mai da shi, ni kuwa dole na koma, don albasa ba ta jiran kowa.

Ina yi wa Kawu sallama wata mata ta zo wucewa da tulu. Ta ga makaho a gindin bango yana waƙa, ta jefa masa kuɗi, tamma guda, a cinya, ta wuce. Kawu ya ɗauka ya shafa ta da yatsa, fuskarsa ta canza. Na so in bi matar, ya riƙe ni. Ya ce, "Bar ta, alheri ta nufa. Karɓi, ka ba mai bara a tasha."

Na iso Gidimuni bayan la'asar, ni kaɗai, a wani kamiyon da ya fi na safe jijjiga. Abin da tafiyar nan ta koya mini ɗaya ne: dabbar da ta tsorata, mai ita ake fara nema kafin a taɓa ta. Da an bar Kawu ya shiga tun farko, da mu uku muka dawo. Yanzu ni ke jan jigonsa da safe, shi kuma yana can gindin bango yana wa karensa kirari, masu wucewa suna jefa masa sadaka.