Ranar da Inna Ta Riƙe Wayar Bariki

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta yi wa yayana Hamma magana kai tsaye ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafulatana ce da ta ɗauki kunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Ko yana zaune a tsakar gidanmu da ke Dawaki, ga shi ga ta, ni za ta kira.

"Ke, ki ce wa wancan tuwo na hucewa."

Sai in juya in ce, "Hamma, wai tuwo na hucewa." Shi kuma don tsokana ya ce, "Ki ce mata an gode." Haka na girma ina dakon maganar da kowa ya riga ya ji. Ina jin a nan bakina ya saba da aiki, don har yau a makarantar da nake koyarwa ba a gaya mini ɗaya ban mayar da biyu ba.

Hamma soja ne. A shekarun da abubuwa suka yi zafi aka tura su daji, lokacin matarsa na da tsohon ciki, na fari. Daren da zai tafi bai nuna damuwa ba, wasa kawai yake yi. Da na ce ya bar mana suna biyu, na namiji da na mace, sai dariyarsa ta ɗauke. Ya ce barin suna kamar barin wasiyya ne, shi kuwa ba wasiyya zai bari ba. Ya kama mayafina ya ce, "Ke ce mai baki a gidan nan. Kada ki bari kowa ya raɗa wa abin da za a haifa suna sai na faɗa." Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai ga waya. Bai daɗe da tafiya ba aka yanke layukan salula a yankin da suke, muka daina jin sa gaba ɗaya.

Matarsa ta sauka a gidan iyayenta a Hammadu Kafi, aka samu mace, mai gashi kamar an shafa mata mai. Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda yake tsaye a kanmu tun rasuwar Baba, ya yi wa jaririyar kiran salla a kunne. Sannan ya ce zai jira har jajibirin suna, in ba a ji daga uban ba shi zai zaɓa, don ba a tara jama'a da rago a ce musu babu suna. Gaskiyarsa ce, ban ce ba. Amma na ga fuskar mai jego lokacin da maganar ta iso ɗaki. Ta jawo jaririyar jikinta ta ce da ni a hankali, "Goggonta, marayu ake yi wa haka." Daga nan na ɗaura ɗamara.

Na san akwai waya a bariki wadda ba ruwanta da layin 'yan kasuwa. Hamma ya taɓa ba mu labarin sojojin sigina, masu haɗa bariki da bariki har cikin daji. Washegari na nemi izini a makaranta, na hau Keke Napep na nufi can da ƙarfin gwiwata, kamar mai zuwa shagon cajin waya.

A bakin ƙofa wani kofur ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malama, wayar aiki ce. Ba ta gaisuwa ba ce." Na ce ba gaisuwa na zo yi ba, suna na zo karɓa. Ya ce bai san wannan ba. Na ce to a kira mini wanda ya sani. Na kawo masa tarihin gidanmu, na kawo masa haƙƙin uba a kan 'yarsa, har na fara kawo masa haƙƙin ɗan ƙasa. Ya bar ni na ƙoshi, ya nuna mini titi da haɓarsa. Na koma gida ina huci, raina a ɓace, rabi da shi rabi da kaina.

Wata mai sayar da wake da nake ciniki wurinta a Kasuwar Gombe, wadda mijinta tsohon soja ne, ita ta yi mini dariya ta ce ba ta ƙofa ake shiga bariki ba, ta wurin magajiya ake shiga. Magajiya ita ce shugabar matan sojoji. Na same ta a kasuwar mami, ta jikin bariki, tana jera kifi, wata ƙatuwar mata 'yar Tangale mai murya kamar ta maza. Ta ji ni ba ta daina aikinta ba, sannan ta goge hannu a zani ta ce, "Haihuwa da mutuwa, su kaɗai oga ke sa wa hannu. Ki gode Allah taki ta haihuwa ce. Amma ƙanwata, in mun shiga ki ajiye wannan bakin a waje." Na ce na ajiye. Ta kalle ni ta ce ba ta yarda ba.

Ita ta shige mini gaba har ofishin wani hafsa, ta ƙame ta yi bayani a taƙaice, abin da ni da sai na kai la'asar ina yi. Ya sa hannu ya tura mu wurin sajan da ke kula da ɗakin waya. Sajan dattijo ne, siriri, mutumin kudancin jiharmu, Hausarsa tas. Ya ce za a aika saƙo can a nemo Hamma, a tsayar da shi kusa da waya jibi da hantsi, in aiki ya bari. Jibin nan shi ne jajibirin suna. Na fara godiya ke nan ya ɗaga hannu.

"Ba ke za ki yi magana ba, Malama. Wanda ya rubuta a matsayin na kusa da shi ne kaɗai ke hawa layin nan. Ranar da ya shiga soja ba shi da mata. Mahaifiyarsa ya rubuta."

Na ce masa Inna ba ta taɓa yi wa Hamma magana ba tun da ta haife shi. Bai yi mamaki ba, ya ce cikin Fulani ya tashi, ya san fulako. Na ce to in riƙe mata, ita ta faɗa mini ni in faɗa masa, kamar yadda muke yi a gida. Ya ce murya ɗaya layin ke ɗauka, in aka ji ta biyu shi da kansa zai katse, don akwai masu sauraro a sama da shi. Ya ce ba a tambayar ina kake, ba a tambayar yaushe za ka dawo, ba a ambaton gari ko rana. Hausa ko Turanci kawai, ban da Fulatanci, don dole mai sauraro ya san abin da ake cewa. Kuma ba a kiran sunan kowa.

"Ranka ya daɗe," na ce, "suna fa muka zo karɓa."

"Ya san doka fiye da ke. Zai san yadda zai yi." Ya sassauta murya ya ce, "Ba mugunta ba ce. Kalma ɗaya in ta faɗa kunnen da bai kamata ba, ba ɗan'uwanki kaɗai zai biya ba." Na buɗe baki, magajiya ta taka mini ƙafa, na rufe.

Inna tana tsince shinkafa na gaya mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita da tsufanta ba za ta je gaban maza ta yi hira da wancan ba, ba a yi haka a gidansu ba. Na lallaba, na kawo Allah, na kawo Annabi. Ta ce Baffa ai uba ne. Nan haƙurina ya ƙare, na ce, "To shi ke nan, Inna. A raɗa mata kamar yadda ake raɗa wa wadda ubanta ya mutu." Na san maganar za ta yi zafi, kuma da gangan na faɗa. Ta ci gaba da tsintarta, sai dai na lura shinkafa mai kyau take zubarwa tare da tsakuwa. Ban sake tayar da maganar ba har ranar ta zo. Da na fito daga wanka da safe na tarar da ita a zaure, ta sa lufayar da take zuwa Idi da ita, tana jirana.

A ƙofar ɗakin waya aka karɓe salularmu aka zuba a wani kwando. Ɗakin ƙarami ne, da fanka da tarin wayoyi a bango, da tebur, da wayar tarho koriya mai nauyi irin wadda na daina gani tun ina yarinya. Sajan ya gaishe da Inna har ƙasa, ya kira ta Mama, ya maimaita mata dokokin a hankali. Da ya zo kan cewa ba a kiran suna, sai ta ce, "Wannan ba sai ka gaya mini ba, ɗana." Ni kuma ya nuna mini benci a jikin bango ya ce in na yi ko tari zan ƙarasa shi a waje.

Mun daɗe muna jira. Hantsi ya wuce, aka kira azahar a masallacin bariki, aka yi aka gama. Sau da yawa wayar na ƙara sai ya zama maganar aiki ce, a ce mu fita, mu dawo. Na fara tsara abin da zan gaya wa mai jego in ba a same shi ba, na kasa samun ko jimla ɗaya da zan iya faɗa ina kallon idonta. Na ƙudura a raina ko zuwa magariba ne ba zan tashi daga bencin nan ba sai an ɗauke ni.

Can sajan ya sa abin sauraro a kunne, ya yi 'yan maganganu da Turanci, ya miƙa wa Inna kan wayar da hannu biyu. Ta karɓa kamar an ba ta garwashi a faranti. Daga inda nake na ji wata murya can nesa, siririya, tana sallama. Hamma ne. Hawaye suka zubo mini, na toshe baki da mayafi.

Inna ta juyo ta kalle ni. Ta ɗan janye wayar daga kunnenta, leɓenta ya motsa, na san abin da ke tafe: ke, ki ce masa. Sajan ya ɗora yatsa kan maɓallin katsewa yana kallona. Duk rayuwata ban taɓa son yin magana kamar a lokacin ba. Kalmomin na nan a bakina, an haihu, mace ce, kowa lafiya. Na cije mayafin, na sunkuyar da kai, na ƙi kallonta. Na bar uwata ita kaɗai da ɗanta.

Na ji muryar can tana sake sallama. Sannan Inna ta amsa.

"Wa alaikumus salam. An sauka lafiya. Mace ce." Ta saurara. "Lafiya lau take, da ita da uwar." Ta sake saurarawa. "Ana jiran abin da ka ce."

Ka. Ban taɓa jin wannan kalmar ta fita daga bakinta zuwa gare shi ba. Abin da ya faɗa mata ban ji ba. Na dai ga ta ja lufaya ta rufe rabin fuskarta, kafaɗunta suka sauka. Sajan ya yi mata alama lokaci ya kusa. Na ji tsoron kada ta tambaye shi yaushe zai dawo a katse mata. Ba ta tambaya ba. Ta gyara tsayuwa ta ce, "Kai, ka zo ka gan ta. Ka ji ko?" Ta miƙa wa sajan wayar ta fita, ko takalminta ba ta tsaya sawa daidai ba.

Sajan ya cire abin sauraronsa yana goge gilashin idonsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya ce?" Ya ce abin da aka faɗa a layi ba ya fita daga bakinsa, in tambayi Mama. Na yi masa godiya, wannan karon ba tare da ƙari ba.

Muka hau Keke muka kama hanyar gida. Sai da muka kusa Dawaki ta ce, tana kallon titi, "Wai takwarata ce." Bai kira suna ba, bai karya doka ba. Cewa ya yi a sa mata sunan wadda yake magana da ita. Na yi dariya ina kuka. Ya zaɓi sunan da shi ma ba zai taɓa iya kira da bakinsa ba, kamar yadda ita ba ta taɓa kiran nasa ba.

Da yamma Baffa ya zo gida da goro da alawar suna, ya zauna a zaure tare da liman da dattawa biyu na unguwa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaya masa an samu uban yarinya, ga abin da ya ce. Baffa mutum ne mai son tabbaci, kuma ya san ni da ƙarin gishiri. Ya ce, "Ke kika ji da kunnenki, ko wani soja ne ya ce an ce?"

Kafin in amsa na ji motsi a bayana. Inna ce tsaye a bayan labule, ita da ba ta taɓa sa baki a maganar zaure ba.

"Ni ya gaya wa," ta ce. "Ni na yi magana da shi."

Baffa ya dubi labulen. Sannan ya ce Allah ya raya, ya tura wa liman ƙullin goro, ni kuma na ɗauki mayafina na tafi Hammadu Kafi in gaya wa mai jego.