Gayyar Sanduna

Allah ya ba ni tsawon rai har na ga depite, ɗan majalisa ke nan, yana dashen masakwa da agogo a hannu. Tun da waɗanda muka gani tare sun kusa ƙarewa, bari in rubuta.

Ƙauyenmu yana hayin Binuwai, tafiyar hantsi ɗaya daga Garwa. Kakanninmu fatauci ya kawo su daga arewacin Nijeriya, laka ta riƙe su. Baƙar laka ce, Fulani suna ce mata karal. Ruwa yana kwanciya a kanta duk damina, in ya janye a sare ciyawa a ƙone, sannan a dasa masakwa, dawar da ke nuna da rani ba da ɗigon ruwan sama ba. Mutum ɗaya yana huda rami da sanda mai bakin ƙarfe, na bayansa ya zuba ruwa ya sa tsiro. Kwanakin dashe kaɗan ne. In laka ta bushe ta tsage, sai baɗi. A kwanakin nan ko da kuɗinka ba ka samun ɗan ƙodago, kowa yana kan tasa. Sai gayya: ka zo mini yau, in zo maka gobe. Wanda ciwo ko rasuwa ta hana, yakan aiko sandarsa a hannun ƙanensa ko ɗansa, a yi aiki da ita, a lissafa ya zo. Gonar kuma da ta yi shekara uku ba dashe ta koma hannun jauro, mai gari ke nan, ya raba wa masu hannu. Haka muka tarar.

Mutumin da nake magana a kansa tare muka yi karatun allo, gonarmu kuma iyaka ɗaya. Gaskiya manomi ne. In ya kama sanda, mai zuba masa ruwa sai ya yi gudu. Ya yi shekara biyu a lakwal, makarantar boko, kafin ubansa ya ciro shi, ya fito da Faransanci gwargwadon na gaida bature da ba shi haƙuri. Wata shekara aka yi nunin amfanin gona a Garwa, zangarniyar masakwarsa ta fi ta kowa, aka rataya masa lamba, aka ɗauke shi hoto. Da aka zo haɗa sunayen waɗanda za su majalisar tarayya a Yawunde, manya suka ce a samo manomi ɗaya, kada a ce duk 'yan fada ne da malaman makaranta. Wani ya tuna da hoton. Ranar zaɓe takarda iri ɗaya aka miƙa mana, muka jefa, aka ce ya ci.

Yakan aiko wasiƙa da ajami, ni nake karanta wa jama'a a gindin tsamiyar masallaci bayan la'asar. Ya ba mu labarin ruwan Yawunde da ba ya ɗaukewa, da kujerarsa mai laushi, da yadda shugaban ƙasa ya riƙe hannunsa ya tambaye shi da Fulatanci ya mutanen gida. Kawunsa, wani tsoho mai ido ɗaya wanda bakinsa bai tsufa ba, ya tsayar da ni wata rana.

"Malam, duba da kyau, ko akwai inda ya faɗi abin da shi ya ce a majalisar."

Na juya takarda na ce babu.

"To me yake yi a can?"

"Ya ce in an gama magana ana ɗaga hannu."

"Hannun nan da ya fi na kowa huda rami? An yi asarar hannu."

Shekarun farko yana zuwa dashe, ko da tsayuwa ce a bakin gona. Daga baya ya daina. Ya ce wa matarsa masakwa ai ana sayar da ita a kasuwar Garwa, bai ga dalilin da depite zai shiga laka ba. Gonarsa ta kwana shekara ɗaya, ta kwana ta biyu. Matar kuwa kowace damina sai ta yayyafa iri a bayan gida ta reni tsiro, lokaci ya wuce ta ba maƙwabta.

Bai dai so a ce ya fita daga gayya ba. Ranar gayyar kawunsa muna cikin aiki sai ga mota. Direbansa ya fito da sandar depite a naɗe cikin farin ƙyalle, ya jingina ta da itace, ya ce musye, wato maigidansa, yana gaisuwa, ga wakiliyarsa. Ya koma mota ya kishingiɗa. Da aka kawo tuwo ya fito ya ci. Haka aka yi ranar tawa gayyar, haka aka yi wa kowa shekara biyu. Sanda ta halarci gayya duka, ba ta huda rami ko ɗaya ba.

Sai aka naɗe tabarmar tarayya, aka rushe majalisar. Aka ce za a sake sunayen masu zuwa sabuwar majalisa, shi kuwa ya ji ƙishin-ƙishin ba ya ciki. A nan ya tuna wannan ce shekara ta uku gonarsa ba dashe. Ya iso ƙauye ruwa ya fara janyewa, ya sa aka ƙone ciyawa, ya yanka bijimi, ya sa aka yi shelar gayya. Ya zo har zaurena.

"Malam, jama'a za su fito dai ko?"

"Allah ya kai mu, ranka ya daɗe," na ce masa.

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi abin da na sani ba, don ina wurin lokacin da kawunsa ya kawo shawara, kuma ban hana ba.

Ranar gayya da hantsi ya tsaya a bakin gona cikin babbar riga, tukwane suna tafasa a bayansa. Sai ga kawunsa shi kaɗai yana kora jaki, an ɗaura wa jakin sanduna dami guda, kowace da ɗan ƙyalle a wuya. Tawa tana ciki. Ni da wasu muna tsaye a gonata, iyaka ɗaya, muna ji. Tsoho ya sauke su ɗaya bayan ɗaya yana jingina su da itace, yana kiran sunan mai kowace.

"Kawu, mene ne wannan? Ina mutanen?"

"Ga su nan, ɗana, duk sun zo. Suna gaisuwa."

"Sanda ce za ta yi mini dashe?"

"Taka ta yi mana shekara biyu, ba mu yi ƙorafi ba. Kai ma da muka aika ka Yawunde, jingina ka aka yi, muka ce ka halarta." Ya leƙa tukunya. "In tuwo ya nuna a zubo na wakilai, ni zan kai musu."

Na zaci zai shiga mota ya tafi wurin perefe, babban jami'in gwamnati na yankin, ya kai ƙara. Ya daɗe a tsaye yana duban laka, ta fara ja da baki a gefe. Sai ya tuɓe riga ya miƙa wa direba, ya zaro tasa sandar daga mota. Matarsa ta ɗauko tsiron da ta rena da tulun ruwa, ta bi bayansa. Hannun da ya yi shekaru yana tashi sama ya manta sauka ƙasa. Kafin azahar tafinsa ya yi kumburi ya fashe. Wannan karon matar ce take jiransa.

Kwana huɗu suka yi su biyu. Ina nawa aikin ina ganinsu. Sau biyu na ɗaga ƙafa zan tsallaka iyaka, sau biyu na fasa. A rana ta biyar laka ta tsage, sanda ta daina shiga.

Jauro ya zo da igiya ya zagaye inda aka dasa, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ubansa ba. Ya ce wannan naka ne. Sauran ya raba wa maƙwabta. Depite ya fara magana da Faransanci, jauro ya ce shi ba ya ji, ya naɗe igiyarsa.

Sunansa bai sake fitowa a takardar zaɓe ba. Ya zauna a ƙauye, muna ce masa depite har ya rasu, yana amsawa. Shekarar da ta biyo baya shi ne farkon zuwa gayyar kawunsa, sanda a kafaɗa, bai gaida kowa ba ya fara huda.

Cikin abin da jauro ya raba, yankin da ke jikin gonata ni aka ba. Na ce Alhamdu lillahi na karɓa. Lakar wurin ta fi tawa kyau, har yau jikokina daga ita suke ci. Nakan sa shi a addu'a bayan sallar asuba, ni ma in nemi tawa gafarar, amma yankin ban mayar ba.