Dutse Ɗaya a Jakar Ottmar

Gyaran agogo ne sana'ar Ottmar Fehrenbach, amma a garinsu na gindin tsauni ba wanda ya san shi da agogo. Da turbar keke aka san shi, wadda ya sare da diga cikin daji tun yana da gashi a ka. Shi ya kafa al'adar nan: duk mai hawa sai ya ɗauki dutse ɗaya daga bakin rafi, ya saka a jakar baya, ya ajiye a sama, don da su ake cike inda ruwa ya ci. Shi kuma ya kafa allon da ya hana keke mai batir shiga.

"Wannan ai babur ne ya yi shigar keke," haka yake faɗa. "Wanda ba ya son gumi ya je ya hau mota."

Abokansa na dā sun sha jin wannan magana. Da gwiwa ta fara yi musu gardama, ɗaya bayan ɗaya suka sayi na batir, suka koma wata turbar.

Bana ruwa ya zabge babbar kwanar da ke sama. Malamin daji ya zo ya duba, ya ce in ba a cike ta ba kafin ƙanƙara ta sauko, zai rufe turbar gaba ɗaya. Ottmar ya shiga jigila, dutse ɗaya, hawa ɗaya, yana haki yana tsaki. Ramin ko a jikinsa.

Ran Asabar ya iso bakin rafi ya tarar da yayarsa Traudel mai sayar da ƙwai, tare da ƙawayenta na ƙungiyar waƙar coci. Kowacce na kan keken batir, kwandunan baya shaƙe da duwatsu. Sun ja birki daidai gaban allon.

"Yaya, mene ne haka?"

"Dutse muka kawo, Auta. Amma allonka ya ce kada mu shiga. Mu masu bin doka ne."

"Tayoyinku za su farfasa min ƙasa!"

"Wace ƙasar? Wadda ruwa ya tafi da ita?"

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta miƙa masa burodi da cuku, ya kau da kai.

"Ba haka ake yi ba," ya ce. "Da ƙarfin mutum ake kai dutse."

"To, Allah ya ba ka ƙarfi. Mu juye a nan?"

Ya dubi kwandunan. Abin da ke cikinsu ya fi duk abin da ya kai tun farkon wata. Ya ja dogon tsaki, ya zaro alƙalamin da yake yi wa itatuwa alama da shi, ya ƙara a ƙasan allon: SAI MAI ƊAUKE DA DUTSE.

"Kuma a hankali! Ba a wuce na gaba a kwana!"

A kwanar farko Traudel ta wuce shi, tana hira da ta bayanta, ko numfashinta bai canja ba. Ta rage gudu, ta waiwayo.

"Auta, kawo naka ma in riƙe maka."

Ya gyara jakarsa, ya ci gaba da taka feda.