Ruwan Lokoja a Gorar Zamzam

A unguwar Tandabawi ta Makka na tashi, a wani gida da ke maƙale a jikin dutse. Idan sanyi ya shigo, bayan Magariba kakata, wadda muke kira Sitti, takan hura gawayi a kasko a saman soro, ta ɗora shayi, mu zagaye ta. Kowace tatsuniya da ƙurunƙus take rufe ta, ban da guda ɗaya: labarin Lokoja, garin da ta bi mahaifinta fatauci tana yarinya, kafin su yo gabas.

"Birni ne a gindin dutse," in ji ta, "dutsen kuma kore shar. In ka hau samansa sai ka ga koguna biyu sun haɗu, ɗaya ja, ɗaya fari-fari, suna tafiya tare ba su gauraya ba. Mata a cikin kwalekwale suke kawo kifi kasuwa."

Ni kuwa ruwa mai gudu ɗaya na sani, wato sel, ambaliyar da ke gangaro mana daga duwatsu ta kwashe motoci, kafin gobe ta ƙafe. Na ce, "Sitti, yaushe yake ƙarewa?"

"Ba ya ƙarewa, angona. Kai dai sha shayinka."

Rawar kai ta sa na kai labarin makaranta. Ustazunmu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ƙasar Takari, wato mu baƙaƙen Afirka, ina ta ga birni, balle koguna biyu? Aji ya ɗauka. Mutumin da bai taɓa wuce Jidda ba fa! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Amma nawa laifin ya fi ƙona mini rai. Na dawo gida na tsaya a gaban tsohuwar nan, na ce mata maƙaryaciya, da Larabci ma, don ya fi zafi.

Ba ta zage ni ba, gawayinta kawai ta juya. Daga ranar sai Gizo da Ƙoƙi. Lokoja ba ta ƙara fitowa daga bakinta ba har Allah ya karɓi ranta.

Sai da na yi furfura na je garin. Na hau dutsen ina haki, na leƙa ƙasa. Wallahi ga su nan, ja da fari-fari, ga kwalekwale, ga mata da kifinsu! Direban da ya kai ni ya ce, "Alhaji, lafiya kake hawaye?" Na ce masa haushin kaina nake ji.

Ashe shi ya sa Sitti ba ta taɓa rufe labarin Lokoja da ƙurunƙus ba. Ƙuruciyarta take ba mu, a garin da babu wanda zai shaide ta. Jikanta kaɗai take so ya yarda, ni kuma na bi bakin bare.

Kowa daga Makka yake ɗaukar ruwa. Ni na cika gorar zamzam da ruwan kogin nan na kawo Makka. Tana nan a kan kabad. Kabarin Sitti ba shi da alama, ban san inda zan kai mata ba.